Igiyar da Ta Fi Rijiya Tsawo

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka Dandume lafiya, ka sha ruwa, ka gaisa da Kawunka Hamisu da iyalinsa. Allah ya tsare ka a hanya da bayan hanya, ya kiyaye ka daga abin da muke jin labarinsa da wanda ba mu ji ba, ya sanya albarka a gonar da kawunka ya ba ka. Amin.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da kuka shekara ashirin da biyu kuna kwana gida ɗaya. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma saba zaunar da kai in yi ta zuba ba. Sau uku a makon nan na kira ka zaure da niyyar magana, sau uku na ƙare da tambayarka ko an ba awaki dusa. Jiya innarka ta ce, "Malam, awakin nan fa sun ƙoshi. In baki ya ƙi, ai hannunka bai taɓa gajiya da rubutu ba." To ga shi na bi shawararta.

Abu na farko, ina cikin farin ciki. Ban san yadda ake nuna shi a fuska ba, shi ya sa na rubuta. Da kawunka ya bugo waya ya ce ya ga yadda ka riƙe waken suyar bana kai kaɗai, ya ce gonarsa ta bayan gari ta zama taka, sai na ce masa "to, madalla," kamar an ce mini an daka fura. Da na ajiye wayar na zagaya bayan gida na yi ta yi wa bishiyar mangwaro murmushi. Innarka ta gan ni ta taga, har yau tana yi mini tsiya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ka yi shekaranjiya muna cin tuwo. Ka ce da ka isa za ka kira masu haƙa su fara rijiya a makon nan, don ka kama tumatirin rani na bana. Ka kuma ce za ka yi sitonka a kwarin nan na bakin hanya saboda mota ta riƙa tsayawa a ƙofa. Na ci gaba da cin tuwona. Amma lomar da ke bakina sai da na bi ta da ruwa, domin ka faɗi daidai abin da na faɗa ina da shekarunka, har da yadda ka ɗaga hannu.

Ka san littattafan nan da ke cikin akwatin ƙarfe. Tun ina sakandare a Malumfashi wani malaminmu ya koya mana auna ruwan sama, ni kuma abin ya kama ni. Na kafa gwangwanin madara a kan turke, duk ranar da aka yi ruwa in tsoma tsinke in rubuta. Daga ruwa na wuce rubuta komai: ranar shuka, ranar da tsutsa ta fito, ranar da na yi faɗa da wani kuma wa ke da gaskiya. Na daɗe ina tsammanin wanda ya rubuta jiya ya san gobe. Wannan zaton ne ya haƙa mini rijiyata ta farko.

Shekarar da aka yi auduga mai kyau ce, innarka tana da cikinka. Ana gama tsinka na aika aka kira Baba Tanko mai haƙar rijiya, wani tsoho gajere mai kafaɗu kamar turmi. Ya zo ya taka wurin, ya dubi sama, ya ce, "Ɗana, yanzu kaka ce. Ƙasa ta sha ta ƙoshi. Ka bari sai bazara."

Na ce, "Baba, na auna rijiyar masallaci sau huɗu a watan nan, gaba shida ruwa yake. Ga shi a rubuce."

Ya karɓi littafin ya riƙe shi a juye, ya ce, "Wannan ya taɓa shiga rami?"

Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, ni kuwa na ji haushi. Na samo wasu samari daga wani gari waɗanda ba sa musu. Suka haƙa, a gaba shida ruwa ya ɓullo yana sheƙi, na ce su tsaya. Na kuma sa suka yi ta ƙarama, daidai shigar guga, aka jera mata zoben siminti tsaf. Duk unguwa babu rijiya mai kyan gani kamar tawa. Har fenti na yi wa bakinta.

Tsakiyar rani guga ya fara dawowa rabi. Da bazara ta shigo ya fara dawowa da laka, sannan ya fara dawowa da ƙara kawai. Na koma wurin Baba Tanko kaina a sunkuye na ce ya zo ya ƙara mata zurfi. Ya leƙa, ya ce, "In shiga ta ina? Ko ƙadangare sai ya yi azumi kafin ya juya a nan." Babu wurin da mutum zai ɗaga diga a ciki. Ba a gyara ta, ba a ƙara ta.

A bazarar nan innarka, da ciki wata takwas, ita ke zuwa gidan maƙwabta ɗibar ruwa idan na tafi gona. Na hana ta, amma tulu ba ya jiran mutum ya dawo daga gona. Wata rana na dawo na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, bokiti a gabanta, ta kasa ƙarasa shiga da shi. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Cewa ta yi, "Malam, ka duba littafi mana, ko ya ce yau akwai ruwa a ciki." Ta yi dariya, ni na kasa. Shafin ranar nan babu komai a kansa, shi kaɗai ne a duk littafin shekarar.

Bazarar da ta biyo baya Baba Tanko ya haƙa mana wadda muke sha yanzu. Ya yi ta da faɗi har na ce, "Baba, rijiya ce ko ɗaki?" Ya ce, "Wanda zai zo bayana ya fi ni ƙiba." Da ya cim ma ruwa bai tsaya ba. Ana kwashewa yana haƙa, ana kwashewa yana haƙa, sai da ya ƙara gaba biyu. Ni ina sama ina ganin ɓata lokaci ne.

To ka ga abin da faɗin nan ya yi mana. Sau biyu ana shiga ana ƙara mata zurfi. Da famfon sola ya shigo gari, abin da ni da Baba Tanko ba mu taɓa mafarkinsa ba, sai aka zura shi kawai, ga wurin guga a gefe in rana ta ƙi. Kuma ka tuna shekarun da zuwa gonar nesa ya zama abin tsoro. Lambun bayan gida ne ya ci da mu: alayyafo, albasa, kuɓewa, duk daga rijiyar nan. Tsohon bai san abin da zai zo ba, ni ma ban sani ba. Bambancinmu shi ne shi ya san bai sani ba, ya bar wuri. Ta farkon kuwa ka san ta, ita ce mai murfin siminti da kaji ke hawa shan hantsi, wadda innarka ke nuna wa baƙi tana cewa, "Ga rijiyar Malam, ga kuma rijiyar ruwa."

Don haka, Abba, ka bari sai bazara. Ka haƙa lokacin da ƙasa ta fi rowa, abin da ta ba ka a lokacin shi ne naka na gaskiya. Ka yi ta da faɗi. In ka ga ruwa kada murna ta hau da kai sama.

Sai maganar sito. Nawa na farko a kwari na gina shi, bakin hanya, saboda dalilinka ɗin nan. Littafina ya nuna mini cewa shekara bakwai ruwa bai taɓa wuce gindin wata tsamiya da ke kwarin ba, ni kuma na ja baya da taku goma na ce na yi hankali. Daɓen daidai da ƙasa, ƙofar 'yar siririya, babu taga sai wani ɗan rami, domin auduga kawai nake tunani kuma ina ganin auduga za mu yi ta yi har mu tsufa. Ba a yi shekara biyar ba kasuwarta ta yi sanyi, kowa ya koma masara da waken suya. Masara tana son iska, sitona ba shi da ita. A-kori-kura ya zo ɗaukar kaya, sai an fito da buhu ɗaya-ɗaya a karkace kamar ana fitar da gado.

Sannan wata Laraba cikin tsakiyar damina, bayan azahar, aka yi ruwan da ya cika gwangwanina ya zuba. Ina tsaye a zaure ina kallo ruwa ya wuce tsamiya ko sallama bai yi mata ba. Kafin mu isa, layin buhunan ƙasa duk sun sha. Kwana uku muna shanya masara a kan kowace tabarma da ke gidan, har ta sallah ta baƙi. Wadda ta tsira muka ci, wadda ta yi tsiro kaji suka yi biki. Kai kana ɗan shekara shida, kana bin kajin kana cewa sun yi baƙi.

Da safen nan na buɗe littafin shekarar na ga abin da na rubuta: "Ruwa ya saɓa ƙa'ida." Ka ji wauta. Ruwa bai taɓa sa hannu a wata ƙa'ida da ni ba. Shekara bakwai na gani, na ɗauka na ga duniya.

Ka hau tudu da sitonka ko da mota za ta ɗan wahala. Ka ɗaga daɓen ya kai gwiwa. Ka yi ƙofa mai faɗi da tagogi sama, ka bar fili a gefe ɗaya inda za a iya ƙara ɗaki ba tare da an rushe komai ba. Kada ka gina wa tumatir ko waken suya, ka gina wa abin da ba ka san sunansa ba tukuna. Ni na ga auduga ta tafi, na ga shinkafa ta zo inda kakanka ya rantse ba za ta yi ba.

Kuskure na uku ya fi ba ni kunya, domin na yi shi ne ina ganin na yi wayo. Bayan ruwan nan tsoro ya kama ni, na ce ba za a sake ba. Inda ruwa ke gangarowa ta saman gonata na gina katanga ta bulo da siminti, doguwa, mai kauri. Na tsaya na dube ta na ce to, bismillah, zo mu gani. Ruwa ya zo, ya duba katanga, ya bi ta gefe, ya faɗa gonar maƙwabcina Malam Iro ya yanka masa kwazazzabo a tsakiyar dawa. Damina ta biyu ya haƙe ƙarƙashin katangar, ta kwanta gaba ɗaya kamar saniyar da ta gaji.

Malam Iro ya zo har gida. Na shirya jin zagi, na ma shirya amsa. Ya zauna, ya sha fura, sannan ya ce, "Malam Sani, na zo godiya. Da ba ni da rafi, yanzu ka yi mini."

Na ce, "Malam Iro, ka yafe ni."

Ya ce, "Yafiya sai ka ɗauki dutse. Gobe da safe, kai da jakinka."

Rani guda muka yi ni da shi muna jera duwatsu a kwance, layi-layi, daga saman gonata har ƙasan tasa, ba siminti ko cokali ɗaya. Bayan kowane layi muka dasa gamba. Na ce masa ruwa ai zai bi ta tsakanin duwatsun. Ya ce, "To da ina kake so ya bi, ta Makka? Bar shi ya wuce, gudun kawai za mu rage masa." Haka aka yi. Ruwa yana zuwa ya ratsa a hankali ya bar mana ƙasar da ya ɗauko. Shekarar da ya canza hanya, muka kwashe layi biyu muka mayar inda ya koma, aikin yini ɗaya. Inda ya ture, mu mayar. Yau kwazazzabon nan ya cike, a kansa Malam Iro ke samun dawar da ta fi kowace, kuma duk kaka sai ya aiko mini da dami ɗaya ya ce kuɗin rafi ne.

Abin da na koya a nan ban iya faɗinsa da kyau ba, amma ga shi yadda na iya. Abu mai ƙarfi daban, abu mai jurewa daban. Katangata tana da ƙarfi, rana ɗaya ta faɗi, faɗuwar kuma ta gama da ita. Duwatsun kullum suna ɗan faɗuwa, kullum muna tayar da su. Kuma ruwan da ka kora daga gonarka bai ɓace ba, gonar wani ya tafi. Kafin ka taɓa hanyar ruwa a can, ka je ka gaida na sama da kai da na ƙasa da kai, ku taka wurin tare.

Yanzu bari in faɗi abin da ke damuna game da wasiƙar nan kanta. Wataƙila ƙasar Dandume ba irin ta garinmu Dayi ba ce. Wataƙila ka haƙa yanzu ka dace, tumatir ya yi tsada, ka riƙa tuna cewa tsohonka ya so ya sa ka asarar rani guda. Na juya wannan a raina sosai, har na yaga takarda biyu kafin wannan. Ba zan ɓoye maka ba, abin da nake roƙonka yana da tsada: rani ɗaya ba tumatir naka, kana kallon na wasu yana ja. Ni ma ban san yadda bana za ta kasance ba. Littattafai ashirin da wani abu na cika, abin da suka koya mini kawai shi ne babu shekarar da ta taɓa maimaita 'yar'uwarta.

Kuma na san dalilin gaggawar. Ni ban ji komai ba, ban kuma tambaya ba, amma innarka tana yawan ambaton wata Rabi a 'yan kwanakin nan, tana yi tana kallon rufin ɗaki. Allah ya tabbatar da alheri. Saboda ita ma nake wannan rubutu. Ranar da za a kawo maka 'yar mutane, ina so ta tarar da ruwa a gidanta a watan da ya fi kowane zafi. Ba na so wata rana ka dawo daga gona ka tarar da ita zaune a bakin ƙofa da bokiti, tana yi maka dariya don kada ka ji kunya.

Ranin nan ba zai tafi a banza ba. Kawunka yana da injin ban ruwa a fadama, ka kama masa aiki ka koyi halin ƙasar. Ka buga bulonka. Ka tara duwatsu. Ka bi sawun da ruwan bara ya bari a gonar tun kafin shanu su tattake shi, zai nuna maka inda yake so ya bi. Ka nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa yana shiga rami a garin, in ya yi maka dariya ka haƙura, ka saya masa goro.

In kuma ka auna duk wannan ka ga dai yanzu za ka haƙa, gonarka ce, kai ne mai ita, ba zan ce uffan ba. Abu ɗaya kawai: ka yi ta da faɗin da mutum zai iya komawa ciki.

A ƙasan buhun da innarka ta sa maka gero da daddawa akwai igiya sabuwa. Ka san tsohuwar igiyar da ke rataye a zaure mai ƙulle-ƙulle. Duk ƙarshen bazara nakan zura ta in ƙulla inda ruwa ya tsaya. Kana yaro ka taɓa tambayata me ya sa ƙullin ba sa bin layi, wani sama wani ƙasa, na ce maka je ka ba awaki dusa. Amsar ita ce ban sani ba, har yau.

Na tambayi kawunka zurfin rijiyoyin unguwarsu da bazara, ya ce gaba tara. Na je kasuwar Malumfashi na ce a auna mini gaba goma sha huɗu. Mai igiyar ya ce, "Alhaji, rijiya za a haƙa ko man fetur ake nema?" Da na kawo gida innarka ta ɗaga ta, ta ce, "Wannan ai har jikoki." Na ce to ai shi ne.

Za ka ga ragowar tana naɗe a bakin rijiya tana damunka. Wata rana za ka rasa abin ɗaure akuya, wuƙa kuma tana aljihunka. Kada ka yanke ta, Abba.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a zaune. Ƙannenka suna gaishe ka. Malam Iro ya ce in ka rasa rafi ka aiko a turo maka ni. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka girmama kawunka, kada ka bari magariba ta same ka a hanya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka maƙwabta irin nawa, ya sa ruwan rijiyarka ya yi daɗi, ya dawo mana da kai lafiya duk lokacin da ka tashi zuwa. Amin.

In an fara haƙar ka bugo mini. Zan zo in tsaya a gefe, na yi alkawari ba zan zo da littafi ba.

Mahaifinka,
Sani